Nilamani Ya Ce Ban da Wuta

Dakta Jayanti Raut, likitar ƙwaƙwalwa, ta san Nilamani Maharana tun yana zuwa asibiti da ƙafarsa. Maƙerin azurfa ne, cikin masu jan azurfa har ta zama zare kamar gashin kai, su murɗa ta su fitar da 'yan kunne da furanni da kambin da ake ɗora wa gunkin allahiya Durga lokacin bikinta. Shagonsa na cikin wani lungu bayan kasuwar kifi, inda ake jin warin kogi. Duk wata sai ya zo, ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda ke jiran a kore shi, ya ce, "Likita, ga kan na kawo. Har yanzu dai yana bisa wuya." Ita kuma ta ce, "To Mausa, a ci gaba da riƙe shi da kyau." Mausa take ce masa, wato kawu, don ya kai ya haife ta, matarsa kuma Mausi. Ta duba shi, ta sabunta masa magani, ya ɗauki lemarsa ya tafi.

Ciwonsa ba a hannunta ya fara ba. Shekaru kafin ta san shi, ɗansa tilo, Tapan, ya shiga kogin Mahanadi da abokansa lokacin da ruwa ya cika. Abokan suka fito, shi bai fito ba. Bayan an ƙona gawar yaron, Nilamani ya koma gida ya kwanta, ya juya wa kowa baya, ya daina magana, ya daina ci. Aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a wani gari, matarsa Kuntala ta sa hannu, aka yi masa maganin lantarki, wanda ake sa mutum barci a ratsa masa wuta kaɗan a kai. Maganin ya yi aiki. Ya tashi, ya ci shinkafa, ya dubi matarsa ya ce, "Tapan fa? Bai zo duba ni ba?"

Kuntala ce ta gaya masa. Ya yi kuka irin na ranar farko. Aka kwana biyu ya sake tambaya, ta sake gaya masa. Daga baya maganar mutuwar ta zauna masa a kai, amma kusan shekara guda ta rayuwarsa ba ta dawo ba, kuma ita ce shekarar da Tapan ya bar yawon banza ya zauna kusa da shi a shago yana koyon sana'a.

"An ce ni na riƙe masa hannu ya ja zarensa na farko," in ji Nilamani wata rana. "An ce ni na kunna masa wuta a bakin kogi. An ce, an ce. Likita, ni ne uban yaron nan, amma a bakin mutane nake jin labarinsa."

Da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta fito, wadda ta ba mai jinya damar ya rubuta, tun yana cikin hayyacinsa, irin jinyar da ya yarda a yi masa da wadda bai yarda ba idan hankalinsa ya gushe, Jayanti na cikin likitocin da suka yi murna. Ta gaji da ganin ana jan mutane ana sa hannu a kansu kamar buhun shinkafa. Ita da bakinta ta kawo wa Nilamani maganar. Wata na zagayowa sai ga shi da wani gajeren mutum mai jan gemu, bakinsa ja da ganyen pan da yake tauna. Anwar Beg sunansa, shi ke goge duk azurfar da ta fita daga hannun Nilamani tun suna samari.

"Ga wakilina," in ji Nilamani. "In kan ya juye, shi za a tambaya."

"Ka ji tsiya," in ji Anwar. "Na ƙare rayuwata ina goge masa kaya, yanzu kuma haukarsa zan goge."

"Mausi fa?" Jayanti ta tambaya.

"Uwar Tapan ba za ta iya ba. Ta ga na kwana biyu ban ci ba, ko yanka ni aka ce za a yi sai ta sa hannu. Wannan kuwa ba zuciya gare shi ba, dutsen niƙa ne."

"Na gode da yabo," in ji Anwar.

Abin da Nilamani ya so a rubuta ba shi da yawa. Ya yarda da ƙwayoyi, da allura, da ƙarin ruwa, da a kwantar da shi a asibiti, har da robar abinci ta hanci. Ban da lantarki. Jayanti ta ajiye biro. Ta ce masa maganin ba kamar na da ba ne, yanzu ana yin sa da sauƙi, mantuwar ma ba ta cika kaiwa haka ba. Ta ce irin ciwonsa, mai sandarar da mutum, sau da yawa ba abin da ke tashinsa sai wannan. Ta ce mutum na iya mutuwa a kwance yana jiran ƙwaya ta yi aiki.

"Ko da rai ne a kai, Mausa?"

"Ko da rai ne a kai. Abin da ya rage mini na yaron nan ɗan kaɗan ne. Ba zan sake ba da ko ƙwayarsa ba."

Aka rubuta, shaidu suka sa hannu, aka kai wa hukumar da ke ajiye irin waɗannan takardu. Jayanti ta sa kwafi a fayil ɗinsa, ta ji kamar ta yi abin kirki a ranar.

Shekaru suka ɗan ja, ciwon na barci. Sai wata damina ɗaya daga cikin abokan da suka fito daga kogin ranar nan ya tashi aure, ya zo da ladabinsa ya ce Mausa ne zai ƙera wa amaryarsa kayan ado. Nilamani ya karɓa, ya yi aikin da duk unguwa ta yi ta magana, ya kai da hannunsa, ya ci abincin biki. Ya dawo gida ya kwanta.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka aka kawo shi asibiti, a keken haya mai ƙafa uku, Anwar na riƙe da kafaɗunsa, Kuntala na riƙe da ƙafafu, ruwan sama ya jiƙa su duka. Idonsa a buɗe, ba ya kallon kowa. Jayanti ta ɗaga hannunsa sama ta saki, hannun ya tsaya a inda ta bar shi. Leɓensa ya tsattsage. Ta kira sunansa, ta ce, "Mausa, kan ne ka kawo?" Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ta sa aka ɗaura masa ruwa, ta yi masa allurar da ke sakin irin wannan sandarewa. Da farko kamar za a dace. Wuyansa ya ɗan saki, ya haɗiyi cokali biyu na ruwan pakhala, jiƙaƙƙiyar shinkafar nan mai tsami da Kuntala ta kawo a kwanon tagulla. Kuntala har ta je ta kai kwakwa wurin bauta. Washegari ya koma yadda yake. Jayanti ta ƙara allurar, ta sauya ta, ta haɗa da wani magani, ta buga waya ta tambayi malaminta na makarantar likitanci. Malamin ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Kin san amsar, Jayanti. Me ya sa kike tambayata?" Aka zura masa roba ta hanci. Nas-nas na juya shi kamar itace don kada bayansa ya yi gyambo.

Kuntala ba ta bar gefen gadon ba. Wata safiya ta tare Jayanti a baranda, ta kama gefen farar rigarta.

"Likita, ki sa masa wutar nan. Wancan karon ita ta tashe shi. Kawo takarda in sa hannu."

"Mausi, ba hannunki doka ke nema ba yanzu. Shi da kansa ya rubuta ya hana."

"Ya rubuta! Mutumin da ko jerin cefane ba ya iya rubutawa daidai? Ai lokacin yana da lafiya ne, bakinsa ke yi masa daɗi. Dube shi yanzu. Ki je ki tambaye shi mana ko yana son ya mutu."

"Ba zai iya amsawa ba. Don irin wannan ranar aka yi takardar."

"Wa ya ba shi shawarar?"

Jayanti ta ce, "Ni ce."

Kuntala ta saki rigar a hankali, ta goge hannunta a jikin zanen sarin da ta ɗaura, ta koma ɗaki.

Da rana mai asibitin, Dakta Panigrahi, ya kira ta ofis. Likitan ƙashi ne, mai tumbi da son raha, yana shan shayi da soyayyen wake.

"Zauna, Lauya," ya ce. Haka yake tsokanarta tun da ta fara yawo da littafin doka a jaka. "Na ji kin ajiye mini gunki a gado na sama. Injin na nan, mai sa barci na nan, matarsa na kuka tana roƙo. Me ake jira? A karɓi sa hannun matar a yi. Ya tashi ya gode miki."

"Ba ta da ikon sa hannu, ranka ya daɗe. Akwai wakili, akwai umarni a rubuce, kuma an yi masa rajista. Dole in bi shi. Ko jinyar gaggawa da doka ta yarda in yi ba tare da izini ba, lantarki ba ya ciki."

"Wa zai sani?"

"Shi zai sani. Ran da ya farka ya tambayi wani abu bai same shi a kansa ba."

"To ai ya farka ke nan." Panigrahi ya kaɗe gishiri daga hannunsa. "Ni ƙashi na sani. In ƙafa ta karye ba na tambayarta ra'ayinta. Amma ki ji, in ya mutu a gadona, 'yan unguwarsu ba doka za su karanta ba, gilashina za su farfasa. Babu wata ƙofa?"

Akwai ƙofa ɗaya. Likitan da ba ya son bin umarnin mai jinya yana iya kai ƙara gaban hukumar duba jinyar masu taɓin hankali, ya nemi a sauya shi ko a soke. Kafin hukumar ta yanke, umarnin na nan daram. Jayanti ta san ƙarar za ta fi ƙarfi in wakilin ya goyi baya, don haka ta nemi Anwar. Ta same shi tsugune a ƙarƙashin rumfar masu kekuna, ya yi zuru-zuru, gemun ya fara fitar da fari a gindi.

"Anwar-bhai, yana tafiya. Ƙirjinsa ya fara ƙara. In muka haɗa baki ni da kai, hukuma za ta saurara."

"Likita, kina wurin fa. Da kunnenki kika ji."

"Na ji. Amma mutum na faɗin magana yana ƙoshi, in ya ga abin da ido ya sauya."

"Haka ne. To ya sauya? Ya gaya miki?" Ya tofar da jan yawu gefe. "Ni kullum sai na sa bakina a kunnensa na ce, Nila-bhai, in ka janye ka matsa mini yatsa. Wallahi ina roƙon Allah ya matsa. Bai matsa ba. Kin san sau nawa ya maimaita mini maganar nan a shago? Har na ce masa ya ishe ni. Ya ce, Anwar, ranar za ta zo, kowa zai yi kuka, kai kaɗai na ɗauka don ka ƙi. Yanzu ranar ta zo sai in ce na fasa?"

"Za ka iya ɗaukar mutuwarsa?"

"Ba zan iya ba. Amma amana ce, ba a tambaye ni ko zan iya ba."

Suna cikin haka Kuntala ta fito zubar da ruwan kwano. Ta gan su, ta nufo su.

"Kai ne ko? Kai ne mai riƙe da ran mijina a aljihu?"

Anwar ya miƙe. "Bhauja..."

"Kar ka ce mini Bhauja. Matar yayanka tana gidanku. Shekara nawa kana cin shinkafata? Ran da aka tsamo Tapan kai ka lulluɓe shi da mayafinka, ban manta ba. Yau kuma uban za ka lulluɓe?" Muryarta ta tashi har masu kekuna suka juyo. "Wai ya manta shekara guda, shi ke nan duniya ta tashi. Ni fa? Ni ina tuna ta duka. Ina tuna kalar leɓen yaron. Ni na gaya masa sau biyu, sau uku, ina kallonsa yana rushewa. In ya tashi ya manta, zan sake gaya masa, sau ɗari ma. Wa ya tambaye ni? Kun shiga ɗaki ku uku kun rubuta yadda zan zama gwauruwa, ba wanda ya ce a kira uwar Tapan."

Anwar ya tsaya kansa a ƙasa har ta gaji ta tafi.

A ranar Jayanti ta rubuta ƙarar ita kaɗai. Ta zayyana halin da yake ciki, da duk abin da aka gwada, da abin da take tsoro. Hukumar ta sa rana kusa, ta ce a asibitin za ta zauna tunda mai jinyar ba ya motsi. Kafin ranar, Jayanti ta yi ta juya dalilan da doka ta yarda a soke umarni da su. Ko an tilasta masa. Ko ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya rubuta. Ko ba a yi masa bayani sosai ba. Ko bai yi nufin umarnin ya shafi irin wannan hali ba. Biyun ƙarshen nan su ne hanyarta, kuma a duniya mutum uku ne suka san abin da aka faɗa a ɗakin: ɗaya ba ya magana, ɗaya mai goge azurfa ne da ba a rubuta kalmarsa a ko'ina ba, ɗaya ita. A fayil abin da ta rubuta kawai shi ne an tattauna. Da ta ce ba ta kawo masa maganar mutuwa ba, maganarta za a ɗauka. Tana wanke hannu tana tunanin, tana cin abinci tana tunanin. Ta ce wa kanta ba ƙarya ba ce babba, kuma rai za ta saya da ita.

Aka zauna a ɗakin taron likitoci, fanka na juyi, ruwa na dukan taga. Shugabar zaman tsohuwar alƙaliya ce, siririya, mai furfura da tabarau a kan hanci. Tare da ita akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, da wata mata da ta taɓa jinya irin wannan ta warke. Sun fara hawa sama suka ga Nilamani. Alƙaliyar ta yi masa magana da girmamawa, ta jira, ba amsa. Suka sauko. Kuntala ta yi magana, ta yi kuka, aka ba ta ruwa. Anwar ya faɗi nasa a taƙaice, hularsa a hannu. Likitan hukumar ya duba takardun jinya ya ce shi ma da lantarkin zai yi, ba shi da ja.

Sai alƙaliyar ta juyo.

"Dakta Raut, ke kika kawo ƙara, kuma ke ce likitarsa lokacin da ya rubuta. Yana cikin hayyacinsa?"

"Yana ciki, ranki ya daɗe."

"Wani ya matsa masa?"

"Babu."

"To ga tambayar da komai ya rataya a kanta. Mutane da yawa na cewa ban da kaza, ba su san me suke cewa ba. Shi kin gaya masa cewa ciwon na iya kai shi inda ya kai shi yau? Kin gaya masa ƙin maganin nan na iya zama ajalinsa?"

Jayanti ta ji idon Kuntala a gefen fuskarta. Ta buɗe baki da niyyar cewa ba ta tuna ba. Kalmar na kan harshenta. Sai ta hango Nilamani a zuciyarta, a bakin kujera, lema tsakanin gwiwoyinsa, yana dubanta ido cikin ido yana amsawa. Shi kaɗai ne a asibitin nan ba zai iya tashi ya ƙaryata ta ba.

"Na gaya masa," ta ce.

"Me ya ce?"

"Ya ce ko da rai ne a kai."

Wani sauti ya fita daga maƙogwaron Kuntala, ba kuka ba, kamar an taka ta. Alƙaliyar ta cire tabarau ta murza idonta.

"To me kike so mu yi, Likita?"

"Ina so ku ba ni izini duk da haka. Ina so ya rayu."

"Mu ma haka. Amma ba a ba mu ikon soke maganar mutum don ba ta yi mana daɗi ba."

Matar nan da ta taɓa jinya ba ta ce uffan ba sai a lokacin. Ta ce, a hankali, ita ma tana da irin takardar, kuma in ta san za a yage ta ran da aka buƙace ta, da ba ta wahalar da kanta ba. Suka fita suka yi shawara, suka dawo. Umarnin ya tsaya. Alƙaliyar ta ƙara da cewa a yi masa duk abin da bai hana ba, iyakar iyawa, kuma in ya farfaɗo ko na ɗan lokaci ne ya janye da bakinsa, a kira su nan take.

Jayanti ta yi iyakar iyawar. Ta nemo wani magani daga babban birni, ta kira likitan ƙirji, ta sa aka matso da gadon kusa da tebur ɗin nas. Kullum da safe sai ta zauna kusa da shi ta ce, "Mausa, Jayanti ce. In ka yarda a sa wutar, ka rufe ido sau biyu." Wata rana ya rufe sau ɗaya, ta riƙe numfashi tana jira, ta daɗe tana jira. Bai sake ba. Ta yi ta tambayar kanta ko wannan rabin amsa ce, ko kuwa ido ne kawai ya gaji.

Kuntala ta daina yi mata magana. In ta shigo ɗakin, matar sai ta juya fuska taga. Anwar kuwa ba a bari ya shiga, a baranda yake wuni.

Zazzaɓi ya shigo, ciwon ya sauka a huhu. Aka mai da shi ɗakin masu tsananin jinya. Ranar wata Talata da hantsi, ana tsaka da raba shayi, Nilamani ya cika, bai ce komai ba, bai farka ba.

Ba wanda ya fasa gilashi. 'Yan unguwa sun zo sun tsaya a ƙofa suna ƙus-ƙus, Anwar ya fita ya ce musu in akwai mai laifi shi ne, su zo su same shi a shago. Suka watse. Panigrahi ya kira lauyan asibiti don ya kwantar da hankalinsa, lauyan ya duba fayil ya ce wa Jayanti, "Ke kam fes kike. Doka ta ce likitan da ya bi ingantaccen umarni ba a kama shi da abin da ya biyo baya. Har ƙara kin kai. Ba wanda zai taɓa ki." Ta ce ta gode. Ta fita ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwan. Akwai masu jira a layi, ta wanke fuska ta koma ta duba su.

Ranar da ake abincin kammala zaman makoki, ba a gayyace ta ba, amma ta je. Ta bar motarta a bakin kasuwar kifi ta shiga lungun da ƙafa, tana tsallake kwatami. An kafa rumfa a ƙofar gida, mutane na zaune a layi a ƙasa, ana zuba musu shinkafa da miyar wake a ganyen ayaba. Shagon na kusa da ƙofar, a rufe rabi. Anwar na zaune a dakalinsa shi kaɗai, ba ganye a gabansa. Ya ɗaga mata hannu, bai tashi ba.

Ta sami Kuntala a tsakar gida cikin farin sari, hannuwanta ba awarwaro, tsagar gashinta ba jan garin da matan aure ke shafawa. Jayanti ta kusa ba ta gane ta ba. Jayanti ta haɗa hannuwa ta sunkuya, duk abin da ta shirya faɗa a hanya ya gudu.

Kuntala ta dube ta, ta daɗe.

"Da kin ce ba ki tuna ba," ta ce. "Kalma ɗaya. Wa zai kama ki?"

"Ba kowa, Mausi."

"Da yanzu yana zaune a can yana tambayata abin da ya manta."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba. Kin sani."

"Na sani," in ji Jayanti.

Kuntala ta kawar da kai. Ta ce wa wata mata, "A shimfiɗa mata ganye. Ba a zuwa gidan nan yau a fita ba a ci ba." Aka zaunar da Jayanti a gefen rijiya, aka zuba mata. Ta ci don dole, matan na kallonta.

Da ta gama ta wanke hannu za ta tafi, Kuntala ta taso da kanta, riƙe da wani ganyen da aka cika da abinci, ta miƙa mata.

"Wancan na waje tun safe yake zaune, bai ci komai ba. Ki kai masa. Ni ban iya kallon fuskarsa ba tukuna."

Jayanti ta karɓa da hannu biyu, miyar na ɗiga ta gefe, ta ratsa ta cikin masu cin abinci ta nufi dakalin.